Sunan da Ghali Ya Ba Baƙo

Ku kashe wayoyin nan. Ke Murja, matso kusa, labarin naki ne. Mai niyyar dariya ya tashi tun yanzu.

Ubanki Ghali, ɗan cikina, shi ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa. Lokacin ba a daɗe da yaye ki ba. Wata Juma'a zazzaɓi ya buge ki, har kina sanƙarewa. Ni da uwarki muka ruga da ke can.

Likita Asabe ta zuƙi allura, sai ta tsaya. Ta ce akwai wadda aka taɓa yi miki a asibitin, jikinki ya kumbura, numfashi ya nemi ɗaukewa. Wacce ce? Ba ta tuna ba. Ta ce ba za ta soke ki da ka ba, sai ta ga tsohon rahotonki.

Ta danna kwamfuta. Wurin da rahoto ke fitowa ya buɗe fari fat. Ta sake dannawa. Wani jan rubutu ya faɗo. Aka kira ubanki.

Na ce, "Me abin ke cewa?"

"Inna, wannan ƙaramar kwamfutar ce ba ta samun uwarta. Bayanan duk suna cikin babbar, a ɗakin baya. Hanyar ce ta yanke."

"To ɗaura ta mana! Ka tsaya kana yi mini karatu?"

Ya kashe, ya kunna. Jan rubutu. Ya cire manhajar da ke nuna rahoton, ya sake sa ta. Jan rubutu. Ya kira kamfanin da ya sayar musu da ita. Waya a kashe, an tafi masallaci. Ke kuwa idonki sai juyewa yake.

Sai ya nufi ɗakin baya. Shi kaɗai. Rana ta take tsaka, maza duk sun watse, filin asibitin tsit. Tsohon sito ne a ƙarshen fili, ko taga babu. Abin da ya faru a ciki bai so faɗa mini ba, sai da na shaƙe wuyan rigarsa.

Yana duba wayoyi ya ji an ce, "Sannu da aiki."

Bai ji buɗe ƙofa ba. Mutum ne dogo, da farar riga da jakar kayan gyara. Babu sallama. Duk zafin nan, ko ɗigon gumi babu a goshinsa.

"Kamfani suka turo ni."

Kamfanin da bai samu a waya ba! Sakarai bai tambaya ba. Ya ce ya lura leɓɓan mutumin kan gama motsi, sannan maganar ta iso. Wai ya zaci ƙarar fanka ce ke ruɗa shi.

Mutumin ya zauna gaban babbar kwamfutar. Ya ce, "Uwar ta daina gane 'yar. Shiga ƙarƙashin tebur, ka zare wayar, ka riƙe. Sai na ce ka mayar."

Ghali ya shiga. Ya zare.

"Sunan shiga?"

"Ghali."

"Kalmar sirri?"

Ghali ya ƙi faɗa.

Kun san abin da wannan yaron ya sa? Sunana. Sunana na yanka! Sunan da marigayi kakanku bai taɓa kira a gaban mutane ba. Wai don kada ya manta. Duk kalmomin da Allah ya yi a duniya, sai uwarsa ya ɗauka ya cusa a cikin ƙarfe. Kuma wa bai sani ba? Ba a haɗa wa baƙo sunan mutum da na uwarsa. Da su ake nemo mutum, ko a ƙarƙashin ƙasa ya ɓuya.

Ya sani. Shi ya sa ya ƙi.

Daga can ya jiyo kururuwar uwarki.

"Yarinyar ba za ta jira ka ba," in ji mutumin.

Wa ya gaya masa akwai yarinya?

Ghali ya faɗi sunan.

"Sake."

Ya sake. Mutumin ya maimaita a hankali, kamar mai tsotsar ɓargo.

A lokacin ne idon ubanki ya sauka ƙasa. Ƙafafu biyu dab da hancinsa. Dugadugan a gaba. Yatsun suna kallon ƙofa.

Ya dubi hannunsa. Wayar tana nan a tafinsa, bai mayar ba. Amma 'yar koriyar fitilar da ke nuna hanya ta haɗu tana ƙyaftawa.

Mu a ɗakin likita, ina tsaye, jan rubutun ya ɓace. Rahoto ya cika gilashi. Likita Asabe ta karanta, ta dubi allurar da ke hannunta, ta ajiye ta can nesa. Ita ce wadda ta taɓa kumbura ki. Ta ɗauko wata. Kafin la'asar kin yi gumi, kina neman kunu.

Ubanki bai fito daga ƙarƙashin teburin ba sai da ya ji hayaniyar masu dawowa daga masallaci. Ayatul Kursiyyu yake ja. Kujera babu kowa. Sai warin toka jiƙaƙƙiya.

Washegari ya yi ƙoƙarin canza kalmar. Ta ƙi. Duk abin da ya rubuta, tsohuwar kaɗai ke buɗewa. Hanyar kuwa ba ta sake yankewa ba har yau. Ana ta yaba masa, wai gwani. Gwanin me? Ni ke biya.

Juma'ar da ta biyo, rana tsaka, ina tankaɗe. Daga bayan katanga aka kira sunan nan. Da muryar kakanku. Mutumin da na ga an fita da gawarsa da idona.

Ban amsa ba. Na ci gaba da tankaɗena.

Tun daga nan, in gari ya yi shiru, sai an kira. Wata rana da muryar yayata. Wata rana da ta Ghali.

Na ce wa Ghali, "Da ka zo ka tambaye ni, wallahi da bakina zan faɗa masa, don yarinyar. Amma ka tambaya! Kayanka ne da za ka bayar?"

Ya sunkuyar da kai. Kuka ma ya yi. Kukansa ya hana a kira ni?

To ku ji. Kada wanda ya shiga ɗakin baya shi kaɗai rana tsaka. Wanda ya zo taimako babu sallama, ku fara duban ƙasa. Kuma sunan uwa ba makulli ba ne.

Ke Murja, daina kukan nan, ban ce ke kika jawo ba. Amma Juma'ar da ta wuce, da muryarki aka kira. Saura kaɗan bakina ya buɗe.

Daga yau in kina nemana, kada ki kira daga tsakar gida. Ki zo gabana ki tsaya. In ga ƙafarki tukuna.