Shingen Duwatsu da Ɗakin Tsohuwa

A can wani zamani, an yi wani manomi da kogi ke zaizaye masa lambun gado. Sai ya jera duwatsu cikin ruwa ya yi shinge, ruwa ya karkata, lambu ya tsira.

Ran nan wata tsohuwa ta hayo daga tsallake, ta ce, "Ɗan nan, ruwan da ka koro ya cinye mini rumbu. Saura ɗakin kwanana."

Ya ce, "Iya, ban sani ba."

Ta ce, "To, yanzu ka sani."

Ya shiga ruwa, ya ɗauke dutse ya share hawaye, ya ɗauke dutse ya share hawaye. Da damina ta kankama, kogi ya kwashe itatuwansa yana ji yana gani. A tsallake kuwa, hayaƙin tuwo na tashi daga gidan tsohuwa.