Layin Fensir a Bangon Kicin

Auta ce ta buɗe masa ƙofa, da takardar garanti a hannunta da masifa a bakinta, domin sau huɗu tana kiran kamfanin kabad kafin su ga damar turo mutum.

"Kai ne mai dubawar? Mun ɗauka sai mun tsufa."

Saurayin ya ɗago kai zai ba da haƙuri, sai ya tsaya yana kallonta. Dogo ne, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a ƙugu. Ita kuwa ta ji zuciyarta ta buga, ta dake ta ɗora laifin a kan gudun da ta yi zuwa ƙofa.

Kicin ɗin sabo ne fil, wata bakwai da haɗawa. Kabad ɗin sama, wanda Umma ta shaƙe da tangaran da manyan tukwane, shi ne ƙofofinsa suka daina haɗuwa. A ƙarƙashinsa kuma kujerar Umma take, inda take zama kullum da safe tana yanka albasa tana sauraron rediyo.

Ya hau tsani ya haska tocila ta bayan katakon. Murmushinsa ya ɗauke. Ya sauko ya zaro fensir, ya ja layi a bango, faɗin yatsu biyu a ƙasan kabad ɗin, ya rubuta kwanan wata.

"Umma, a sauke kayan nan yau. Ranar da katakon ya taɓa layin nan, kada kowa ya tsaya a ƙasansa. Wa ya kafa muku?"

Umma ta washe baki. "Ɗana na fari mana. Ai a kamfaninku yake, kafinta ne. Abin da ya kafa ba ya faɗuwa, ɗan nan. Ƙofar kawai za ku canja."

Ya mayar da fensirin bayan kunne. A daidai lokacin kabad ɗin ya yi wani ɗan ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Dokar garanti ta ce babu mai taɓa kabad ɗin kansa sai kamfani ya yanke hukunci, don haka ya riƙa dawowa awo duk mako. Awon minti biyar ne, amma hira a bakin ƙofa sai ta ci awa guda. Ta laƙaba masa Mai Fensir, shi kuma yana ce mata Haskena. Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo:

"Haskena, yau na auna bango sau uku ina kuskure. Laifinki ne, kin tsaya a gefen tsani."

Ta mayar masa: "To mako mai zuwa in ɓuya?"

"Ki ɓuya ki ga yadda ake korar mutum daga aiki."

Soyayya ta kama su da gaske, har ya fara maganar turo manyansa. Kabad ɗin kuwa yana ta sauka kusa da layin bango, yatsu biyu sun koma ɗaya.

Ranar da zai miƙa rahoto ya tsayar da ita a bakin ƙofa, fuskarsa ba walwala.

"Katakon lafiyarsa ƙalau. Ƙusoshin ne gajeru, ba su kai cikin bulo ba, filasta kawai suka riƙe. Yayanki ne ya sa hannu a takardar kafawa, shi kaɗai, ba tare da mutum na biyu da doka ta ce ya duba ba."

Ta matso kusa da shi. "Ka rubuta katako ne ya lalace. Wa zai sani?"

"In na rubuta haka, ƙofa za su canja su tafi, su bar shi a rataye a kan Umma."

"In ka rubuta gaskiya kuma su kori Yaya, Abba ya kore ka. Ka zaɓa."

"Na riga na zaɓa, Haskena. Ba zan iya aurenki a kan kujerar da babu Umma ba."

Ta juya ta rufe ƙofa da ƙarfi, har tangaran suka amsa daga kicin.

Kwana uku bayan haka kamfani ya dakatar da Yaya. Abba ya hau sama ya faɗo.

"Wato ya shigo gidana da fensir, ya sha ruwana, ya tozarta mini ɗa, sannan yana son 'yata? Kada in ƙara ganin ƙafarsa a nan!"

Yaya ya sunkuyar da kai. Umma kuwa, don ta nuna wa duniya aikin ɗanta ba na wasa ba ne, sai ta ƙara jera wasu tukwane biyu a ciki. Ko da kamfani ya aiko da ranar da za a zo sauke kabad ɗin, Abba ya ce ba ya bukata.

Auta ta daina ɗaga waya. Tana jin haushinsa, tana kewarsa, ba ta san wanne ya fi cin ta ba. Saƙonsa dai bai fasa zuwa ba, kowace safiya, kalmomi iri ɗaya:

"Ba sai kin amsa ba. Ki duba layin kawai."

Kuma tana dubawa. Takan shiga kafin kowa, ta sa yatsa tsakanin katako da layi, ta fito tana ce wa kanta ba don shi take yi ba. Yatsan ya daina shiga. Farin gari ya fara zubowa a kan teburin kicin, Umma ta share da tsumma ta ce ƙura ce.

Safiyar rana ta tara da dakatar da Yaya, Auta ta makara. Ta shigo ta tarar Umma a kujerarta, rediyo yana magana, wuƙa tana tafiya a kan albasa. Ta ɗaga ido ta nemi layin. Babu shi, katako ya rufe shi gaba ɗaya.

"Umma, taso."

"Ke, bar ni in gama."

Ba ta taɓa jan mahaifiyarta ba tun da aka haife ta. Ranar ta damƙi hannunta ta fizgo ta har bakin ƙofa, Umma tana cewa "Yarinyar nan kin haukace ne?" Ba ta rufe baki ba bangon ya saki.

Ƙarar ta fito da maƙwabta. Da ƙura ta lafa, kujerar Umma ta zama itacen wuta, rediyon ya yi shiru a ƙarƙashin tangaran.

Abba ya shigo ba takalmi. Ya dubi matarsa a tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuya ya tsinci ƙusa ɗaya daga cikin tarkace. Ba ta kai tsawon gaɓar yatsansa biyu ba. Ya miƙa wa Yaya.

Yaya ya durƙusa yana hawaye. "Dogayen ne suka ƙare ranar, Abba. Na ce ai gida ne, zan dawo in canja. Ban dawo ba."

Abba ya juya ga Auta. "Kira mini yaron nan."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Mai Fensir, Umma tana nan da ranta. Ka yafe mini. Abba yana nemanka."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Ina bakin layinku tun safe, Haskena. Kullum nan nake tsayawa kafin in wuce aiki."

Kamfani ya canja kabad ɗin a kan garanti, tun da laifin kafawa ne. Yaya ya koma aiki bayan wata biyu, kuma shi da kansa ya roƙi a bar shi ya kafa sabon, Mai Fensir yana tsaye yana duba kowace ƙusa. Suka sa hannu su biyu.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ana shirin biki mai fenti ya zo zai shafe bangon kicin, Umma ta tare shi da hannu, ta ce ya shafe ko'ina amma ban da wannan ɗan layin.

Ranar da za a tafi da amarya, a nan kicin ɗin Umma ta kira ango da amarya, ta haɗa hannayensu a cikin nata.

"Ka faɗi gaskiya ranar da ba mai son jin ta, ka rasa 'yata don in rayu. Ga ta nan, na ba ka. Allah Ya yi muku albarka, Ya kafa gidanku da ƙarfi."

Auta ta sunkuyar da kai tana kuka tana dariya. Abba daga bakin ƙofa ya ce amin, Yaya ya fi kowa ɗaga murya.