Itatuwan da Ke Tsaye a Ƙarƙashin Ruwa

"Shekara huɗu, Lubabatu? Shekara huɗu!"

Surajo ya wurgar da igiyar jirginsa a bakin kwatar Yauri, har masu sauke albasa suka juyo suna kallonmu.

"Rage murya mana, masoyi..."

"In rage murya? An sa mana rana bayan Sallah, yau ki zo min da takardar makaranta? Mi kika ɗauke ni?"

Na ƙanƙame takardar a ƙirjina. Gurbi na samu a jami'a, karatun safiyo, wato awon ƙasa da ruwa. Ina son Surajo kamar raina, amma wallahi ko sama da ƙasa za su haɗu sai na tafi.

Injiniya Ramatu ce ta jawo duk wannan. Bara ta zo auna zurfin tafki, ta yi hayar jirgin Surajo. 'Yar Ngaski ce, gajera, ga faɗa kamar zakara. Da ta nemi mace mai rubuta mata lambobi, aka turo ni, don ban daɗe da gama sakandare ba.

Rana ta uku ta ce, "Ke, matso ki gani."

Na leƙa allon na'urarta. Innalillahi! Itatuwa ne tsaye ƙyam a ƙarƙashinmu, dajin da ruwa ya haɗiye tun da aka yi madatsar Kainji.

Ina 'yar shekara tara jirgin Babana ya kife a hanyar kasuwar Wara, bai fito da rai ba. An ce mana 'yan ruwa ne suka ja shi. Ashe itace ne! Na fashe da kuka a gaban kowa.

Injiniya ba ta rarrashe ni ba. Cewa ta yi, "Ƙaddara gaskiya ce, amma kututture ana iya sa masa alama. Share hawayenki ki rubuta."

Na rubuta. Tun ranar ban sake sha'awar wani aiki ba.

To amma ga Surajo, kwana tara bai leƙo gidanmu ba. Na rame, abinci ya daina shiga. Inna tana juya kifi a kan banda ta harare ni.

"Ɗiyar nan, in don ni kike jinya, tashi. Kifi bai taɓa gagarata ba. In kuwa don yaron nan ne, ki faɗa mishi gaskiya, mai sonka ba ya ɗaure maka ƙafa."

"Inna, in ya ce ya fasa fa?"

"Sai ki yi kukanki, ki ɗauki akwatinki."

Rana ta goma da hantsi ya aiko in same shi a kwata. Shi ke nan, na ce, kayan aurensa zai karɓa.

"Shigo," kawai ya ce.

Muka yi nisa, har rumfunan kasuwa suka ɓace. Can ya kashe inji, ya zura gora cikin ruwa. Ƙwas! Ta bugi wani abu.

"Kin ji? Wanga Injiniyarki ba ta gan shi ba. Da gangan na kewaye da ita. Na san goma sha ɗaya, har da shi."

"Surajo! Ka sani ka yi shiru?"

Ya sunkuyar da kai. "Sirrin hanya shi ne abincin matuƙi. Haka ubana ya koya min, ba a faɗa wa baƙo. In kowa ya san hanya, wa zai nemi jirgina?"

Raina ya ɓaci. "Mutane na mutuwa, kai kana ɓoyon itace!"

"Na sani..." Muryarsa ta karye. "Shekaranjiya wani baƙon jirgi daga Shanga ya hau wannan. Mata ne cike da goyo. Allah ya sa ina kusa, muka kwashe su. Wata jaririya da hannuna na tsamo ta, Luba. Tun ranar ban runtsa ba."

Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin.

"Ki tafi karatunki, hasken idona. Amma ina roƙon abu guda. A ɗaura mana aure bayan Sallah yadda aka sa, ki tafi da igiyata. Ni zan kula da Inna."

"Shekara huɗu fa, Surajo..."

"Ko takwas ne."

Hawaye suka zubo min, na kasa ɓoye murmushi. Amma ni ɗalibar Injiniya Ramatu ce. Na goge fuska da gefen mayafi, na ciro biro daga jaka, na juya bayan takardar makarantar.

"Na yarda, mijina. Amma itatuwan nan ba za su jira digirina ba. Ta da inji, yau za ka nuna min sauran goman, gobe su isa hannun Injiniya."

Ya dube ni, idanunsa jajur. Sannan ya ja igiyar inji.