Jan Hatimin Ofishin Ghali

Da safiyar ranar ƙarshe ta watan Maris, Ghali ya buɗe durowar ofishinsa da ke titin Liuhua a birnin Guangzhou, ya tarar babu hatimin kamfaninsa. A China kuwa takarda marar jan hatimi ba takarda ba ce. Ga shi a ranar ne za a rufe karɓar takardar harajin da mutum ke cikewa da kansa, in kuma babu shaidar haraji babu sabunta izinin zama. Shekarar da China za ta karɓi wasannin Olamfik ce, ana ta korar baƙi.

Bai kira 'yan sanda ba, don fasfo za su fara tambaya. Hajiya Balki ya kira, wadda ta yi aikin ɗan sanda a Kano kafin ta koma saro kaya a kasuwar Baima.

Ta duba durowar. Ba a fasa kwaɗo ba, ƙaramin hatimin banki kuma yana nan.

"Tun yaushe aka ba ka takardar harajin nan?"

"Tun Janairu, Hajiya."

"Me ka cike?"

"Sunana."

Ta bi shi da kallo. Ghali mutumin kirki ne, amma kowa ya san a gobe yake kwana yake tashi.

Mutum biyu ke aiki da shi. Malama Lin, akawunsa 'yar China, ta ɗaga hannuwa tana cewa "meyo, meyo", wato babu. Ita ce kullum ke yi wa maigidan nacin ya cike takardar, in kuma ofishin ya rufe aikinta ne ya tafi. Braimah, mutumin Ghana mai kula da lodin kwantena, yana da makulli, sai Hajiya ta kira shi a waya.

"Hajiya, ni tun Juma'a ina garin Xintang kan wandunan jins. Ki kira masu masana'antar."

Ta kira, suka tabbatar.

"Saura wa ke taɓa makullinka?"

"Babu. In na koma gida a aljihun rigata yake kwana."

Hajiya Balki ta ɗauki jakarta ta ce za ta je ta gaida maiɗakinsa.

Firdausi ta karɓe ta da fara'ar da ba ta kai zuci ba. Da ta miƙo shayi, Hajiya ta riƙe mata hannu. Lalle ne sabo a yatsun dama, na hagu kuwa babu komai.

"Wa ya yi miki ƙunshi, 'yar nan?"

"Ni na yi, Hajiya."

"Mace in za ta yi wa kanta lalle da hagu take farawa, don dama ce ke shafawa. Ke dama kaɗai kika yi. Jar tawadar hatimi kika rufe da shi, don mai maiƙo ce, sabulu ba ya fitar da ita da wuri. Kuma ɓarawo mai neman kuɗi hatimin banki zai ɗauka. Wanda ya ɗauki babban, so yake a kori mijinki daga ƙasar nan."

Firdausi ta zauna a ƙasa, hawaye suka zubo.

"Inna ce, mahaifiyarsa. Tun babbar salla take kwance a Fagge, tana kiran sunansa. Ya ce sai ya sabunta izini, don in ya fita haka ba zai dawo ba. Izinin sai da haraji, harajin sai gobe. Ko ya samu ma zai ce sai kwantena ta tashi. Na ce gara a kore mu ya rasa ofis, ya same ta da rai."

Hajiya Balki ta sha kama ɓarayi, amma ba ta taɓa jin tausayin wani kamar wannan ba. Ta ce, "Ɗauko. Gyaran da aka yi da sata ba ya ɗorewa. Sauran ki bar mini."

Tare suka koma ofis, hatimin a ƙulle cikin ɗankwali. Ghali ya miƙe zai yi faɗa, Hajiya ta nuna masa kujera.

"In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Zauna ka cike."

Ya zauna, Malama Lin tana karanta masa layi-layi. Abin da ya yi wata uku yana gudu ya ƙare kafin shayin da aka zuba masa ya huce. Ya buga hatimi, suka kai ofishin haraji kafin la'asar. Ma'aikaciyar ta karɓa, ta ba shi shaida, ko ɗago kai ba ta yi ba.

A bakin ƙofa ya daɗe yana kallon takardar. Abin ya yi masa ciwo, domin da a Janairu ya yi wannan, da tuni ya je Kano ya dawo.

"Kira gida yanzu, a gabana," in ji Hajiya.

Ƙanwarsa Mariama ce ta ɗauka. Ta ce bari ta kara wa Inna wayar a kunne. Titin ya cika da ƙarar motoci, don haka ya buɗe muryar wayar, su duka suna ji.

"Inna, Ghali ne. Na gama komai. Ina nan tafe cikin satin nan, in Allah ya yarda."

 Inna ta yi magana a hankali, cikin ladabin da take yi wa baƙi.

"Sannu, ɗan nan, Allah ya kawo ka lafiya. Ɗan gidan wane ne kai?"