Ma'aunin Tabawa

Na'urar da ake kira Fitila ta sunkuyo bisa ƙirjin Tabawa tana ɗan gurnani, ta saki haskenta a kan maman hagu, inda sankara ta yi gida. Minti huɗu ne kullum. A hawa na talatin na asibitin Sabuwar Katsina babu nas, babu ko mai shara, daga ita sai ƙarfe.

To, yadda abin yake, ranar farko Fitila kan auna mace, ta zana taswirar jikinta, ta riƙa bin taswirar nan har a gama gasa ciwon da haske. Sake awo yana cin lokaci, ga mata a layi, don haka maƙeranta suka ce kada ta sake sai in majinyaciya ta yi kuka da wani abu. Suka kuma koya mata gaisuwa, wai don kada a ce ba ta da ladabi.

"Sannu, Inna. Yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Tabawa.

Ina sauƙin yake? Tun mako na biyu maman ya kumbura, fatar ta yi baƙi, ya zame gefe. Amma wa ya taɓa amsa gaisuwa da ƙorafi? Mijinta ma da "da sauƙi" a bakinsa ya cika. Kuma tun da 'yarta ta koma Agadas da aiki, muryar nan kaɗai ke ce mata sannu. Ba ta so ta ɓata mata.

Tabawa tela ce, shekara arba'in tana ɗinki. Wata safiya rigar da ta ɗinka wa kanta ta ƙi rufuwa. Ta ɗauko tef ta auna: yatsa uku ya ƙaru. Ita ko 'yar shekara goma ba ta yanka wa yadi da tsohon awo, balle a yanka mata jiki da haske, ga zuciya nan kwance a ƙasa.

Ran nan da Fitila ta gaishe ta, sai Tabawa ta ce:

"Babu sauƙi, 'yar nan. Sake auna ni."

Gurnanin ya tsaya cak. Aka jima, bango ya haska, fuskar wani matashin likita ta bayyana daga wani gari. Ya ce kwana tara hasken yana sauka inda maman yake a da. Wani yanki na ciwon bai samu ba, gefen zuciyarta ya samu. Za su sake taswira, za su riƙa duba zuciyar, sauran sai a jira.

"Haba, Inna! Me ya hana ki faɗa? Kullum fa tana tambayarki."

Tabawa ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta.

"Gaishe ni take yi, ɗana. Da mutum ne, ai fuskata zai duba."

Bangon ya dushe. A ɗakin da ke kusa ta jiyo wata Fitilar tana cewa yaya jiki, wata siririyar murya kuma tana amsawa.