Gyale Uku a Bayan A-kori-kura

A kan benci suka fara ganin juna, wani dogon benci a bakin ofishin kamfanin gurzar auduga da ke Gusau, shekarun nan da aka ba mu jiha, ana ta murna kamar za a rarraba ta gida-gida.

Saude ɗiyar Malam Jibo ce ta Nahuce, ta gama sakandare ta koyi buga tafireta. Yadda aka yi ta samu aikin kuwa, manyan kamfanin da ke Legas suka aiko da magana, wai Turawan da suka zuba jari ba su son ma'aikatar da duk maza ne masu ƙafa biyu. A sa mata, a sa masu lalura, a dama da kowa. Magana mai daɗi, wa zai ƙi? Manaja ya dubi rassan da ke hannunsa, Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ya ɗauki mace guda da gurgu guda, ya ce Allah ya sa albarka.

Ta iske wani saurayi zaune a bencin, ya jingine sanda a gefe. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye.

"Ke ce matan?" in ji shi.

"Ni ce. Kai kuma..."

"Ƙarasa mana. Ni ne guragun. Sunana Tajuddeen, ko da yake ba wanda ya tambaya tukuna."

Ta rufe baki da gyale don kada a ji dariyarta.

An ba ta tebur da tafireta wadda ba ta da zaren tawada. Shi an ba shi ofis a saman bene, aka manta da yadda zai hau. Haka suka koma bencin nan, su zo da safe su tashi da la'asar, ba mai ce musu ku miƙo kaza.

Aikinsu na gaske ran zuwan baƙi ne. Yazid, jami'in ma'aikata, shi ya tsara abin. Baƙi su ga Saude a Gusau da jan gyale tana taɓa tafireta. Suna shiga cin abinci, sai a loda ta da Tajuddeen bayan a-kori-kura a sheƙa Tsafe, ta yafa shuɗi. Washegari a Bunguɗu ta yafa ruwan ƙwai. Shi ba a iya sake masa ƙafa, sai aka riƙa sake masa hula, har da tabarau. Baƙi su yi tafi, a ɗauki hoto, kowa ya ga kamfani cike da mata da masu lalura.

A bayan motar nan abin ya shiga tsakaninsu. Yakan shimfiɗa mata buhu, ya zauna ta inda rana ke bugowa.

"Gyale Uku, kin gaji?"

"Na gaji, Mai Huluna. Bakina ciwo yake don murmushi."

"To huta. Nan ba mai kallonki sai ni, ni kuwa ko kin ɗaure fuska kyau kike mani."

"Cikin ukun wace kake so?"

"Wagga ta cikin mota, mai barci baki buɗe."

Ta jefe shi da kullin auduga.

Ƙarshen shekara kamfani ya buga kalanda. Bature bai gane ba, amma mutanen Nahuce sun san ɗiyarsu ko buhu ta yafa. Malam Jibo ya je teburin mai shayi, ya iske ana nuna ta da yatsa: ga ta Gusau, ga ta Tsafe, ga ta Bunguɗu, ko'ina kafaɗa da kafaɗa da yaro guda.

"Aiki kika ce mani," in ji shi da ya dawo gida, "ashe yawon gari-gari. Daga yau kin gama."

Saude ba ta yi gardama ba. Ba aikin take kewa ba.

Tajuddeen ya turo manyansa. Malam Jibo ya ba su ruwa ya sallame su. Ya ce ƙafar ma dai da sauƙi, yin Allah ne. Shi dai ba ya ba da ɗiya ga mutumin da sana'arsa zama a ɗauke shi hoto.

Ana cikin haka sai ga Yazid kan babur, yana ƙamshin turare, wai shi ma yana ciki.

"Ke kin zaci don Allah yake son ki?" ya ce mata a zaure. "Manaja ya ce in kuka yi aure kamfani zai ba da bajimin sa, a kawo mai hoto daga Kaduna, a aika Legas. Auren ma'aikata, mace da gurgu. Aikin ofis ne, Saude."

Manaja ya faɗi haka kuwa, ba ƙarya. Abin da Yazid ya bari a aljihu shi ne abin da Tajuddeen ya amsa.

Saude ta shiga ɗaki ta kwanta. Kukan ma ta rasa ƙarfinsa. Ashe har zancen cikin mota na kalanda ne? Da Tajuddeen ya zo ya aika a kira ta, uwarta Inna Tambaya ta leƙo.

"Mi zan ce mashi?"

"Ki ce masa gyalen sun ƙare."

Ya zauna kan dakali har rana ta yi sanyi, ya ja sandarsa ya tafi.

To, baƙi za su dawo, kamfani ba mace. Ran wata Laraba sai ga a-kori-kurar nan a ƙofar gidan Malam Jibo, da manaja a gaba, da mai hoto, da bajimin sa a baya, da Tajuddeen a maƙale gefen san. Saude ta laɓe bayan ƙyauren zaure tana leƙe.

Manaja ya yi dogon bayani a kan ci gaba. Ya ce kamfani zai tsaya wa yaron, ga sa, a dai mayar musu da yarinya. Mai hoto har ya fara gyara tsayuwa.

Tajuddeen ya sauko da ƙyar. Ya gaida Malam Jibo, sannan ya juyo.

"Ranka ya daɗe, na faɗa maka a ofis ban so, ka ce in shiga mota. To zan sake faɗi nan inda za a ji. Ku mayar da sanku. Mata na zo nema, ba hoto ba."

"Ka san abin da kake yi?" in ji manaja. "Wa zai ɗauke ka in mun sake ka?"

"Ku ma ai ba ku ɗauke ni ba. Ɗauko ni kuke yi ku aje."

Ya ciro hulunan kamfani daga aljihu, da tabarau, ya ɗora kan motar. Manaja ya buga ƙofa, suka tafi da sansu yana kuka. Tajuddeen ya ce wa Malam Jibo ya huta lafiya, ya kama hanyar titi, yana dogara sanda yana jan ƙafa.

Tsohon ya daɗe yana kallon bayansa.

"Kai yaro! Dawo ka sha ruwa."

Kafin ya ce a kawo, Saude na tsaye da ƙwarya a hannu. Uban ya dube ta, ya dubi ƙwaryar, bai tambayi yadda aka yi ta ji ba.

"Da mi za ka ci da ita?"

"Na iya gyaran sikeli, Baba. Kasuwar Gusau ba a rasa wanda ya karkace."

Malam Jibo ya yi gyaran murya ya shige cikin gida, wai zai duba awaki.

"Gyale Uku, an ce mani sun ƙare."

"Sun ƙare. Saura nawa na gida, ya ma koɗe."

"Shi nake so."

Bayan an kwashe amfanin gona aka ɗaura aure. Rago guda aka yanka, ya ishi kowa, kuma ba a gayyaci mai hoto ba. Suka kama ɗaki a Damba, gefen Gusau. Ya buɗe rumfar gyaran sikeli, ita ta samu tsohuwar tafireta mai tawada ta zauna bakin sakatariya tana buga wa masu neman aikin sabuwar jiha takardu. Da yamma yatsunta kan yi ciwo, amma bakinta ya huta.

Kamfani kuwa, an ce shekarar da ta biyo tsofaffin hotunan suka sake bugawa.

Allah ya ba Saude da Tajuddeen zaman lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya sa in an neme su, don su aka neme su. Amin.