Tsohon da Aka Kira Zuwa Bakin Rafi

A wani zamani, cikin wata bazara mai ƙuna, wata mata ta ɗebo ruwa da rana tsaka, lokacin da ake cewa ba mutane kaɗai ke yawo ba. Gari tsit, ko tsuntsu ba ya kuka.

Sai ta ga wani tsoho ya nufi fako ba takalmi.

"Baba, ina za ka?"

"Kuluwa ke kirana. Ga ta can a bakin rafi."

Babu rafi a wurin, sai kawalwalniya. Kuluwa kuwa matarsa ce, shekararta bakwai a kabari.

Saura kaɗan matar ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Amma ta daure ta kama hannunsa, ta ji shi zau, ba ɗigon gumi.

"Baba, zo inuwa."

Ya fizge.

"Baba, zo inuwa."

Sai a kira na uku ya biyo ta. Ta zaunar da shi a gindin ceɗiya, ta jiƙa rawaninsa, ta yi masa fifita, ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

Can ya ɗaga kai, ya daɗe yana duban fakon.

"Ta juya, 'yata," in ji shi. "Ta ce ba yau ba."